Yadda na bi kamfanin bale ɗaya tun daga farkon kakar wasanni har ƙarshenta

Duk wanda ya tambaye ni ta ina zai fara kallon rawar bale, wato rawar Turawa da ake yi a dandamali da kiɗa, abu ɗaya nake ce mishi yanzu, ya zaɓi wasa guda ya kalle shi a hannun 'yan rawa daban-daban kafin ya fara tsalle daga wannan zuwa wancan. Haka na yi a kakar da ta wuce, kuma bari in ba ku labarin yadda abun ya tafi tun daga yankan tikiti, don na san akwai masu sha'awa da yawa da suke ganin guntayen bidiyo a waya amma basu san ta inda ake shiga ba.

Kowane babban kamfanin bale yana da tarin wasannin da yake riƙe da su, da kayan sawarsu da kayan ƙawata dandamali duk a ajiye. Duk shekara sai su ciro wasu a sake bitarsu, a nuna na 'yan makonni, sannan a mayar a adana, wani wasan in ya wuce ka sai ka jira shekaru kafin ya dawo. Tun kafin kaka ta fara suke sakin jadawali a shafinsu na intanet, to nan na zauna na duba. Akwai dogayen wasanni masu labari irin su Giselle da Swan Lake waɗanda ɗaya ke cinye dare guda, akwai kuma daren da ake haɗa gajeru guda uku na mutane daban-daban. Abun da ya fi ɗaukar min hankali shine sunayen waɗanda za su fito a kowane dare, don wasa ɗaya ne amma yau wata ce za ta yi Giselle gobe wata, jibi kuma wata daban. Sau da yawa tikiti na riga sunayen fitowa, kuma ko an saka sunan akwai gargaɗi a ƙasa cewa zai iya canzawa, saboda jin ciwo a wannan sana'a ba baƙon abu bane. Giselle na zaɓa, na yanki tikitin farko a can sama, bene na ƙarshe, na biyu kuma na nemi kujerar ƙasa kusa da masu kiɗa a daren da wasu daban za su yi.

Kafin ranar na karanta labarin tas, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka don babu mai buɗe baki ya yi magana a dandamali daga farko har ƙarshe. An fara nuna Giselle a Faris a 1841, kiɗan na Adolphe Adam ne, Jean Coralli da Jules Perrot suka tsara rawar, Carlotta Grisi ce ta fara fitowa a matsayin yarinyar. Amma wanda muke gani yau ya biyo ta hannun Marius Petipa ne da ya sake gyara shi a San Fitasbag ta Rasha. Labarin wata 'yar ƙauye ce mai raunin zuciya mai son rawa, wani ɗan sarauta Albrecht ya yi shigar talakawa ya yaudare ta alhali yana da wadda aka yi musu baiko, Hilarion mai gadin daji wanda shi ma sonta yake ya tona asirin da takobin Albrecht da ya gano, ta zauce ta faɗi ta mutu. Kashi na biyu a daji ne da dare gefen kabarinta, inda fatalwowin 'yan matan da suka mutu kafin aurensu, Wilis, suke kama duk namijin da ya shigo su sa shi rawa har ya mutu.

Ranar na isa da wuri, don in aka rufe ƙofa ba'a barin mutum ya shiga sai an samu tsaiko. An ba mu takardar sunayen 'yan wasan daren, masu kiɗa suna can ƙasa cikin raminsu gaban dandamali kowa na gwada kayansa, sai fitilu suka dushe madugun kiɗa ya fito aka tafa. Daga can sama fuska bata fitowa sosai, gaskiya kashi na farko na bi shi ne da taimakon abun da na karanta. Amma da aka dawo daga hutu labule ya ɗaga a kan dajin nan, wallahi nan na gane amfanin kujerar sama. Sarauniyar fatalwowin, Myrtha, ta ratsa dandamali a kan tsinin yatsunta da wasu ƙananan taku masu sauri da ake kira bure, daga nesa baka ganin ƙafar na motsi sam, jikin ne kawai yake tafiya. Sannan sauran suka fito cikin fararen riguna dogaye, suka rabu gida biyu, kowace ta tsaya a ƙafa ɗaya ta miƙe ɗayar baya, tsayuwar da ake kira arabes, suka fara 'yan ƙananan tsalle a haka layi na ratsa layi ba wadda ta taɓa wata ba wadda ƙafarta ta fi ta 'yar uwarta ɗagawa. Zauren gaba ɗaya ya ɗau tafi tun basu gama ba. Waɗannan 'yan rukuni ne, su ne matakin ƙasa a kamfani, sunayensu da ƙananan haruffa ake bugawa, amma a wurina daren nan nasu ne. Kuma ba rawar kaɗai ba, akwai tsayuwar da suke yi a gefe na tsawon lokaci ba motsi bayan sun gama wannan tsallen, ƙafa na zafi numfashi na sama amma ba'a yarda ka gani ba.

Da na koma a kujerar ƙasa sai ya zama kaman wani wasa daban nake kallo. Na farko dai ƙara. Takalmin tsinin nan da mata ke sawa yana ƙwanƙwasa katako, musamman in su da yawa suka taho a guje, kuma kana jin numfashin namijin in ya gama tsallensa. Mutane da yawa sun ɗauka akwai katako ko ƙarfe a bakin takalmin, babu, yadi ne da takarda da gam aka jera aka matse har suka yi tauri, aka rufe da satin, ƙarƙashi kuma akwai wani tauri da ke tallafe tafin ƙafa. Zufa da zafi suna sa shi laushi, shi yasa babbar 'yar rawa kan iya kashe takalmi sabo a dare ɗaya, kuma su da kansu suke ɗinka igiyoyinsa su bubbuga shi ya rage ƙara ya bi ƙafarsu. Wani abu da ya daɗe yana damun 'yan rawa baƙar fata shine launin, an saba yinsa ruwan hoda don ya saje da farar fata, su kuma sai sun bi shi da hodar kwalliya suna shafawa kafin ya yi daidai da ƙafarsu, a 2018 kamfanin takalmi na Freed a Landan tare da Ballet Black, kamfanin bale na 'yan rawa baƙar fata da 'yan Asiya, suka fitar da masu launin ruwan ƙasa. Wannan ya min daɗi ƙwarai, don layin ƙafa daga cinya har yatsa shine rabin kyan abun, in takalmi ya yanke shi da wani launi an rage wa mai rawa haƙƙinta.

A kusa ne kuma na fara karanta maganar hannu. Akwai alamomi sanannu da suke maimaituwa a tsofaffin wasannin nan, hannu biyu a kan zuciya soyayya ce, a zagaya fuska da bayan hannu kyau ne, a nuna yatsan zobe aure, a ɗaga yatsu biyu sama rantsuwa, a jujjuya hannaye saman kai rawa, a dunƙule hannu a giciye su ƙasa mutuwa. Da ka riƙe waɗannan sai ka ji hirar gaba ɗaya, har gargaɗin da uwar Giselle take yi mata kan rawa da zuciyarta. Wata dattijuwa da ke gefena, da alama ta shekara da shekaru tana zuwa, ta ga ina leƙen takardar sunaye a lokacin hutu sai ta tambaye ni ko na ga wadda ta yi a makon da ya wuce. Na ce eh Mama na gani amma daga sama. Ta ce to in dubi hannun wannan a kashi na biyu, in bar ƙafa tukuna.

Kuma nan ne abun da nake son faɗa yake. Taku iri ɗaya ne, kiɗa iri ɗaya, riga iri ɗaya, amma Giselle ɗin ba ɗaya bace. Ta farko yarinya ce mai rawar kai mai fara'a, da asiri ya tonu haukanta da ƙarfi ya zo, ta warware gashi tana gudu tana ture mutane tana jan takobi a ƙasa. Ta biyun tun fitowarta daga ƙofar gida kana ganin mai kunya ce mai rauni, wurin da take cire ganyen fure ɗaya bayan ɗaya don ta gane ko yana sonta da gaske, hannunta har rawa yake, da ta zo wurin haukan kuma kusan bata motsa ba, ta tsaya tana maimaita cire furen nan a iska ba fure a hannunta, idonta na kallon wurin da babu kowa. Ban san lokacin da hawaye ya zubo min ba. A kashi na biyu na bi maganar Mama, hannun nata baya tsayawa lokaci ɗaya da jiki, in jikin ya tsaya sai hannun ya ƙarasa a hankali daga baya, shi ke sa ka yarda wannan ba mai nauyin jiki bace. Ta farkon ta fi ta tsalle nesa ba kusa ba, ta fi ta ƙarfin ƙafa a wurin da ake 'yan tsalle a kan tsinin ƙafa ɗaya ana ratsa dandamali a kashi na farko, amma ni ta biyun ce ta tafi da ni. Shi ma Albrecht haka, wani yana yinsa a mayaudari da ya san abun da yake yi sai daga baya nadama ta kama shi, wani kuma yaro ne da ya faɗa soyayya bai yi tunanin ƙarshenta ba, kuma wannan zaɓin yana canza yadda kake ji in Giselle ta tsaya tana kare shi har ƙararrawar asuba ta kaɗa fatalwowin suka watse. Akwai wurin da Myrtha ta tilasta mishi rawa yake ta tsalle a wuri ɗaya yana harɗa ƙafafu a iska, antarsha ake ce mishi, yana yi yana ƙarawa har ka fara tausayinsa da gaske don gajiyar da kake gani ba ta wasa bace.

Bayan nan ne na nemi ganin atisayensu na safe. Wasu kamfanonin suna buɗe wa 'yan kallo ƙofa lokaci-lokaci, kuma tun 2014 akwai ranar bale ta duniya da manyan kamfanoni ke haska atisayensu kai tsaye a intanet, duk mai so zai iya gani. Kamfanin da nake bi sun buɗe rana ɗaya na je. Ba kwalliya ba fitila, kowa cikin tsofaffin kaya da safa mai kauri, mai fiyano a gefe, babba da ƙarami har wadda ta sa ni kuka duk sun riƙe sandar jikin bango suna lanƙwasa gwiwa a hankali. Haka suke farawa kusan kullum har ranar da mutum zai bar aikin. Lanƙwasa gwiwar nan, filiye, ita ce tushen komai, da ita ake tashi tsalle da ita ake sauka, kuma saukar daga yatsu take farawa zuwa tafi zuwa diddige shi yasa gwani baya dira da ƙara. Buɗe ƙafafu waje da suke yi daga ƙugu yake fitowa ba daga gwiwa ba, malamar tana ta nanata musu. Sunayen takun duk da Faransanci take kiransu, haka ake yi a ko'ina a duniya, asalin abun tun zamanin Sarki Louis na 14 ne da ya kafa makarantar rawa a Faris a 1661. Na kuma ga sirrin juyi, ido na kafe wuri ɗaya, jiki ya fara juyawa kai ya tsaya, sai a fizgo kan da sauri ya riga jikin dawowa, shi ke hana jiri. Tun daga ranar in ana juyi kai nake kallo, in kan ya makara na san juyin zai karkace tun kafin ya karkace.

Da wannan idon na shiga Swan Lake. An fara shi a Mosko a 1877 da kiɗan Tchaikovsky, amma wanda ya zauna shine na 1895 da Petipa da Lev Ivanov suka yi a gidan wasa na Mariinsky a San Fitasbag. Mace ɗaya ce take yin Odette, gimbiyar da aka mayar farar tsuntsuwa, kuma ita take yin Odile mai baƙaƙen kaya da ta zo yaudarar yariman da ke son Odette. Kowa jiran wuri ɗaya yake, juyin nan guda 32 a ƙafa ɗaya da ake kira fuwete, yin 32 ɗin nan ya samo asali ne daga 'yar rawa Pierina Legnani 'yar Italiya. Ƙafa ɗaya na hawa tsini tana sauka a kowane juyi, ɗayar tana fita ta bulala iska ta dawo gwiwa, ita ke ba da ƙarfin juyawar. Kana jin mutane a bayanka suna ƙirgawa ƙasa-ƙasa. Yanzu 'yan rawa da yawa suna cusa juyi biyu ko uku a ciki don burgewa, kuma yana da wuya ba musu, amma ni abun da nake dubawa shine ta tsaya a wuri ɗaya ko tana gangarowa gaba, tana tare da kiɗa ko madugu ne yake jan kiɗan yana jiranta. Wadda na gani ɗaiɗai ta yi su tsaf, bata matsa daga inda ta fara ba, ta ƙare daidai da bugun ƙarshe tana kallon yariman da murmushin mugunta, wasu a kusa da ni naji suna cewa bata yi biyu-biyu ba, ni kuwa raina fes. Duk abun baifi rabin minti da ɗan wani abu ba a wasan da ya haura awa biyu, kuma yana min ciwo in ji an auna mace da shi kaɗai an manta da doguwar rawar da ta yi da yarima a bakin tafki, inda goge ɗaya ke kuka a hankali, tana jingina baya tana sakin nauyinta a hannunsa ba tare da ta waiwaya ba. Aikin namiji a nan ma ba'a cika yaba shi ba, in ya iya riƙo baka lura da shi sam, yatsunsa ne a ƙugunta suke daidaita ta a kan ƙafa ɗaya, in bai iya ba ita za'a ga tana tangaɗi a ɗora mata laifi.

Na ƙarshe a kakar shine daren gajeru uku, kuma na lura zauren bai cika kaman na Swan Lake ba, abun da ya ban takaici don a irin wannan daren ne kake ganin kamfani gaba ɗayansa, ƙananan da suke tsaye a layi jiya yau an ba su gaba. Biyu daga ciki sababbi ne, ɗaya ya shige ni ɗaya bai shige ni ba, kiɗansa na na'ura ne mai ƙarfi kuma fitilar ta yi duhu da yawa har bana ganin ƙafa. Amma sun buɗe da Serenade na George Balanchine, wanda ya tsara a 1934, shine na farko da ya yi a Amurka kuma da ɗalibai ya yi shi, kiɗan ma na Tchaikovsky ne. Babu labari. Labule na ɗagawa mata 17 ne a tsaye cikin shuɗin haske da dogayen riguna, kowace ta ɗaga hannun dama, ƙafafu a haɗe suna kallon gaba, sai hannun ya sauko a hankali, can sai gaba ɗayansu suka buɗe ƙafafun waje lokaci guda, tsayuwar farko da ake koya wa kowane yaro a aji, irin wadda na gani a atisayen safe. Abubuwan da suka faru lokacin bita ma ya bar su a ciki, wata ta makara ta shigo tana neman wurinta, wata ta faɗi, duk suna nan a rawar har yau. Salon ya bambanta da na Giselle sosai, sauri ya fi yawa, ana gudu da gaske ana cinye fili, hannaye a sake, kuma ka ga yadda mutanen da suka saba da tsohon salo suke ƙoƙarin shiga wannan, wasu ya zauna musu wasu kana ganin suna ƙirga kiɗa a ka. A cikinsu na gane wata da na riƙe fuskarta tun daga layin fatalwowi, ta uku daga hagu take tsayawa, a nan an ba ta wuri ita kaɗai na ɗan lokaci kuma ta yi tsalle mai tsayi da sauka ba ƙara. Na nemo sunanta a takarda na rubuta, har yanzu tana matakin 'yan rukuni, kuma duk daren da aka sa ta a wani matsayi a kaka mai zuwa zan nemi tikitinsa ko da wasan na riga na gani.